Kifin Kaltumi da Jirgin da Bai Zo Ba

Duk wanda ya daɗe a kasuwar Djamboutou ta birnin Garwa ya san Kaltumi mai kifi. Ko bai san sunanta ba ya san tafiyarta: gajeriyar mace, kullum cikin sauri kamar ta bar tuwo a wuta. Ni ce Lucienne, teburin albasa da tattasaina yana manne da nata tun ina sabuwar saukowa daga duwatsun Mokolo, lokacin Hausata ba ta wuce "nawa ne" da "albarka" ba. A bakinta na koyi sauran, har da zagin. Yaya nake kiranta, kuma ta cancanta.

Kakanninta fatake ne da suka zo Garwa daga ƙasar Hausa suka zauna, amma ita ba ta gaji komai ba sai iya ciniki. Da mijinta ya rasu ta fara soya kifi a bakin titi. A hankali ta kai ga saro giwan ruwa daga madatsar ruwan Lagdo, irin manyan nan da sai mutum biyu sun kama. Ana nan wata mai gidan abinci a Duwala, Madam Viviane, ta zo biki Garwa ta ɗanɗana kifin, ta ce ita fa ta ga wurin saye. Tun daga nan Yaya ta zama mai aika kifi ta jirgin sama. Ranar da akwai jirgi, za ta shirya shi a glasiya, wato akwatin ƙanƙara, ta naɗe da salatif, ta ɗora a moto, wato babur, sai filin jirgi. Da rana ya tashi, da yamma yana kan wuta a Duwala. Wannan sana'ar ce cinta da suturarta, ita ce kuma mutuncinta, don Yaya ta tsani ta miƙa wa wani hannu.

Yadda ake aikawar kuwa, kowa a Garwa ya sani, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba. A ƙa'ida ɗanyen kaya ofishin kaya ake kai shi, da takardu da tsadar da za ta cinye ribar kaf. To sai ka tsaya a bakin zauren filin jirgi ka duba fasinjan da ya zo da 'yar jaka kawai, ka gaishe shi, ka roƙe shi kilon da ya rage masa. In ya yarda, a auna glasiyarka da sunansa, a manna mata lamba, a ba ka ɗan guntun da ya rage ka riƙe. Ana buƙatar dai mai aunawar ya kau da kai. Mai kau wa Yaya kai kuwa surukinta ne, Mahamat, mijin 'yarta Sadiƙa, wanda ke zaune a kan teburin awon kaya na kamfanin jirgin.

To, a nan gizo ke saƙa. Sadiƙa 'yar fari ce. Ban taɓa jin Yaya ta ambaci sunanta ba, sai dai "yarinyar nan", kuma hirarsu ba ta wuce gaisuwa da "an gode". Mijinta kuwa ba a magana. Tun da aka ɗaura auren nan Yaya ba ta taɓa kallon idon Mahamat ba, ba ta taɓa ce masa kanzil ba. "Mutumin can" take ce masa. Shi ma in ya hango ta a hanya sai ya sake layi, in kuwa ba makawa ya durƙusa ya gaishe da ƙasa, ita kuma ta amsa wa katanga. Mu can kan dutse muna girmama suruki, amma in akuyarsa ta shiga gonarka kana iya faɗa masa. Na sha yi mata tsiya, ina cewa wannan kunya taku wata rana sai ta ci mutum. Sai ta yi dariya ta ce ba zan gane ba, abin a jini yake, kuma zama da Fulani ya ƙara masa gishiri.

Saboda haka ni ce bakinsu. Ranar jirgi ni ke raka ta. Ita ta laɓe bayan ginshiƙi, ni in tura glasiya gaban Mahamat. In yana da magana ya ce, "Tanti, a gaya wa Inna kaza," in taka 'yan taku in gaya mata abin da ta riga ta ji da kunnenta. Haka muke yi shekara da shekaru, kuma ba a taɓa samun matsala ba.

Sai makon Ista na bara. Madam Viviane ta bugo waya ta ce tana da babban taro, tana son kifi fiye da yadda aka saba, sosai. Yaya ta yi ta juya maganar a ranta, daga ƙarshe ta tattara jarinta kakaf ta sa a ciki. Glasiya biyu manya, shaƙe. Na ce mata, Yaya, ba a haɗa ƙwai duka a kwando ɗaya a hau moto da shi. Ta ce in wannan ya shiga, ta huta da fargabar damina. Ranar jirgin ta faɗo Juma'ar da muke wuni a coci, don haka ban raka ta ba. Ta ce kada in damu, ai hanya ta saba.

Sauran labarin ranar daga bakin Yaya da Mahamat na ji, ita daban, shi daban. Ta samu wani malamin makaranta daga Figil, Antoine, da 'yar jakarsa a kafaɗa, ya yarda ya tura mata glasiyoyin da sunansa. Ashe tun da safe Mahamat ya ji a ofis cewa jirgin bai ma taso daga Duwala ba, ana ƙishin-ƙishin ya samu matsala. Yana ɗaga kai ya hango gefen mayafinta a bayan ginshiƙi, gabansa ya faɗi. Ya kira Sadiƙa don ta kira uwarta, ita kuwa tana asibiti wurin awon ciki, wayar na cikin jaka. Ya ce wa Antoine da Faransanci mai yiwuwa a yi jinkiri; malamin ya ɗaga kafaɗa, shi me ya dame shi, ba kifinsa ba ne. Ya rage wa Mahamat abu biyu: ko ya taso ya taka zuwa ginshiƙin ya yi wa surukarsa magana baki da baki, ko ya mayar mata da kayanta a gaban jama'a. Duka biyun a wurinsa rashin kunya ne. Sai ya auna, ya manna lamba, kaya suka shige ciki, yana addu'a a zuci.

Wanda bai san zafin Garwa a watan Afrilu ba, bai san zafi ba. Aka ce jirgi na zuwa da azahar. Azahar ta wuce aka ce da la'asar. Yaya na zaune a bakin zaure tana lissafin ƙanƙararta, tana jin kamar a jikinta take narkewa. Can da yamma aka ce an soke tafiyar, kowa ya koma gida. Da mutane suka ce a ba su kayansu, sai aka ce an kulle su a ɗakin ajiya, mai makulli ya tashi, sai gobe. Antoine ya miƙa mata guntayen lambar, ya ce shi ya fasa, mota zai bi zuwa Ngaundere ya hau jirgin ƙasa. Ko lambar wayarsa ba ta karɓa ba.

Washegari ni na raka ta. Tun kafin a buɗe ƙofar ɗakin muka san labari, don warin ya riga mu fitowa. Ɗakin kwano ne, ba taga. Da muka yanke salatif ɗin, masu gadi suka watse suna toshe hanci. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta tsuguna ta daɗe tana kallon abin da ya zama jarinta, sannan ta ce in taimaka mata mu kai inda za a binne. Glasiyoyin muka kai gida muka dirje da omo da toka, lambobin da ke manne a jikinsu suka bi ruwan wanki. Madam Viviane kuwa ta yi faɗa a waya har muryarta ta dishe, daga baya ta sauko ta ce in Yaya ta iya aiko wani kafin wata ya ƙare za su ci gaba, in ba haka ba za ta nemi wani mai kifi. Da me za ta saro? Teburinta ya zauna wayam, tana zuwa kasuwa ne kawai don kada a ce ba ta zo ba.

Ana cikin haka labari ya zo cewa masu kaya sun yi ta hayaniya, har kamfanin ya turo wata mata daga Duwala, Madam Nadine, ta zauna a ofishinsu na cikin gari tana sauraron ƙorafi zuwa ƙarshen mako. Wanda kayansa ya lalace a ɗakin nan ya zo da guntun lambarsa, a biya shi diyya. Wallahi da na ji har rawa na taka a gaban albasata. Na ce Yaya, Allah ya kawo mafita, ɗauko guntayen nan mu tafi. Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini su, a ƙulle tamau. Fuskarta ta ɗan saki a karon farko.

Muka je. Ofishin cike, kowa da fushinsa: mai kilishi, mai maganin da ke buƙatar sanyi, wata da kayan miyan biki. Madam Nadine mace ce mai sanyin murya, ba ta daka wa kowa tsawa, amma tambayarta kamar allura. Muna daga layi muna jin komai, ni ina fassara wa Yaya Faransancin a kunne. Wani mai naman da ke gabanmu ya miƙa lambarsa. Ta duba kwamfuta ta ce sunan da ke nan ba nasa ba ne. Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya faɗi gaskiya cewa kilon wani ya ara. Ta ce ba komai, kamfani ne ya kulle kayan, za a duba batun diyyarsa, amma sai ya faɗi wane ma'aikaci ne ya karɓi ɗanyen nama da sunan wani, don wannan laifi ne da ke raba mutum da aikinsa.

Ban gama fassarawa ba na ji Yaya ta damƙe mini hannu. Ta ce mu fita ta sha iska. Muna fita ta tare moto.

Kwanakin da suka biyo baya ban ga Yaya ta ci abin kirki ba. Gaba kura, baya sayaki. In ta kai lambar, ta samu jarinta, mutumin can ya rasa aikinsa, ga yarinyar nan da tsohon ciki, kuma albashinsa ne kaɗai ke riƙe da gidan. In ba ta kai ba, sana'ar da ta gina tun daga kaskon suya ta tafi ke nan. Ni kuwa raina ɓaci yake yi. Na ce mata ai abin mai sauƙi ne, ku zauna ku uku ku yi magana, wataƙila shi ya san wata hanya a cikin ofis ɗin da mu ba mu sani ba. Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba zani. Na ce to ki kira 'yarki. Ta ce yaya za ta ɗora wa mai ciki zaɓi tsakanin uwa da miji.

Na tafi wurin Mahamat da kaina. Na same shi ya rame, idanu sun faɗa. Yaro ne mai hankali, ba ya ɗaga murya, kuma tun ranar kifin yake ganin shi ya kashe surukarsa da shirunsa. Na tambaye shi me za a yi. Idonsa a kan takalminsa, ya ce, "Tanti, a gaya wa Inna ta kai lambar ranar Juma'a. Haƙƙinta ne." Na ce aikinka fa? Ya ce Allah na nan. Na matsa, bai ƙara ko kalma ba. Shi ma irin nasu ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Yaya ta saurara, ta ce, "Haka ya ce?" Na ce haka ya ce. Ta ce to, ta ji. Na tambaye ta ko za mu je Juma'ar, ta ce Allah ya kai mu. Na san wannan amsar, ba e ba ce, ba a'a ba ce. Na koma teburina ina auna wa mutane tattasai ina kuskure, don Juma'ar nan ce ranar ƙarshe, da yamma Madam Nadine za ta koma.

Ranar Juma'a da hantsi ina shirya albasa sai ga Mahamat a gaban teburina, ba rigar aiki a jikinsa. Teburin Yaya ba kowa, ba ta fito ba. Ya gaishe ni, ya ce daga ofis yake. Ya je da kansa ya samu Madam Nadine ya gaya mata komai: shi ya auna kifin, shi ya manna lamba da sunan wani, ya san na surukarsa ne, kuma ya san jirgin na da matsala bai hana ba. An dakatar da shi nan take, sai abin da Duwala ta yanke. Amma matar ta yi alkawarin in an kawo guntayen lambar kafin ta tashi, za ta sa hannu a biya. Ya yi haka ne don kada Inna ta tsaya a gaban mutane ta ambaci sunansa da bakinta, ya san ba za ta iya ba. Yana faɗa yana ɗan murmushi, kamar wanda ya sauke kaya.

Na bar albasa a hannun maƙwabciya, na hau moto zuwa gidan Yaya, shi yana biye a wani. Duk hanya ina cewa a raina, aikin ya riga ya tafi, aƙalla a tsira da jarin. Ya tsaya a ƙofar gida yadda ya saba, ni na faɗa ciki ko sallama ban gama ba.

Yaya na zaune a gaban murhu tana dama kunu. Ta yi wanka, ta sa zani mai kyau, fuskarta a kwance, irin kwanciyar da ban gani ba tun kafin Ista. Na ce tashi, ɗauko lambar, mutumin can ya riga ya je ya faɗi komai, kuɗinki na jira. Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta ce in sake faɗa. Na sake faɗa. Sai ta juya ta kalli wutar.

"Na sa su a nan da safe," ta ce. "Na ji tsoron in suna hannuna zuciyata za ta rinjaye ni."

Na tsuguna na tona tokar da hannuna kamar mahaukaciya, har na ƙone yatsa. Me zan samu? Takarda ce 'yar ƙarama.

Duk da haka na ja ta muka je ofishin, don ni ba na yarda da kaye da wuri. Na yi wa Madam Nadine bayani da duk Faransancin da na mallaka, na haɗa da rantsuwa. Matar ta saurara har ƙarshe, kuma na ga abin ya taɓa ta. Amma ta ce ba lamba a hannu, ba lamba a jikin glasiya, sunan da ke kwamfuta na wani ne. In ba shi Antoine ɗin ya zo da kansa ba, ba abin da za ta iya sa wa hannu. Ina za mu ga Antoine kafin yamma, mutumin da ko sunan mahaifinsa ba mu sani ba? Na roƙe ta to ta mayar wa yaron aikinsa, tunda ba a biya kowa ba. Ta ce maganarsa ta riga ta tafi Duwala tun da safe. Babu tsuntsu, babu tarko.

A hanyar dawowa na zazzage wa Yaya duk abin da ke cikina. Na ce kun ga abin da kunyarku ta jawo? Shi ya ba da aikinsa dominki, ke kin ba da jarinki dominsa, kuma tsakanin gidanki da nasa ko moto ba a hawa. Kalma ɗaya ta gagare ku a filin jirgi, kalma ɗaya ta sake gagarar ku yau. Ina faɗa ina kuka, don haushi da tausayi sun haɗe mini. Ta kau da kai kawai. Da ma ta zage ni, da na fi jin daɗi.

Da muka iso, Mahamat na nan inda muka bar shi, a tsugune a inuwar katanga, rana ta kusa cim masa. Yana hango mu ya sunkuyar da kai. Yaya ta ja mayafi ta wuce shi ta shiga soro, ni na tsaya in ba shi labari. Ya ji, ya rufe ido. Sannan ya ce, "Tanti, a gaya wa Inna ta yafe mini."

Na juya zan kai saƙo, sai na ga ba ta shige ba. Tana tsaye a bakin soro, mayafin ya zame daga fuskarta, ba ta gyara ba. Shi take kallo, ba katanga ba.

"Mahamat," ta ce.

Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare. Yaron ya ɗago a firgice, ya waiwaya bayansa ko da wani ake.

"Da kai nake. Taso ka shigo daga rana, akwai kunu. Daga yau in kana da magana, ka gaya mini da bakinka."

Ya miƙe, ya cire takalmi tun daga waje. Ni kuwa na tsaya a ƙofar ban san abin yi ba, don ba wanda ya ce in gaya wa wani komai.

Madam Viviane ta samu wani mai kifin. Duwala ba ta mayar da Mahamat ba. Yanzu in ka bi ta bakin titin Djamboutou da yamma za ka ga Yaya a gaban kaskon suya, inda ta faro, da jikanta goye a baya. Mahamat ne ke zuwa bakin kogin Binuwai da safe ya saro mata ƙananan kifi a moto. Suna gardama a kan farashi, da ƙarfi, har masu wucewa na juyowa. Har yanzu ba ta kiran sunan Sadiƙa. In jirgi ya wuce ta samanmu kuwa, su biyun sukan yi shiru har ƙararsa ta ɓace, sannan ta juya kifinta.